Ranar Da Ƙaruna Ya Fito Cikin Adonsa: Mu Da Taurarin Zamani

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya suturta mu, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan uwana matasa, abin da ya sa na ɗauki alƙalami a yau shi ne wani ɗan zama da na yi a shagon wani tela a nan Gwadangaji, cikin goman farko na azumin da ya gabata, lokacin da teloli ba su kai ga rufe karɓar aiki ba. Na kai masa ɗinkin Sallar yara, ya ce in ɗan dakata ya gama da waɗanda suka riga ni, sai na samu benci na zauna. Kafin ya zo kaina ya sallami mutum biyar, 'yan mata uku da samari biyu, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da ya buɗe baki ya kwatanta ɗinkin da yake so. Kowa sai ya ciro waya daga aljihu ko jaka, ya latsa, ya miƙa masa, ya ce: "Irin wanga nika so." Hoto biyu na jaruman fim ne, ɗaya na wata amarya 'yar manya da bikinta ya cika intanet, na samarin kuma na wani mawaƙi ne. Da na yi wa telan maganar, sai ya yi dariya ya ce: "Malam, yanzu ai ba mu ka zaɓe ba, waya ka zaɓe."

Na dawo gida da maganar nan a raina. Ban ga haram a cikin abin da suka yi ba, domin wasu daga cikin ɗinkunan ma sun fi nawa rufin jiki. Abin da ya tsaya mini shi ne yadda mutum biyar, kowa da kamanninsa da ƙarfin aljihunsa da gidan da ya fito, suka miƙa ragamar zaɓinsu ga wasu mutane da ba su taɓa haɗuwa da su ba, waɗanda kuma ba su san ma ana yin wani gari Gwadangaji ba.

Kada wani dattijo ya karanta wannan ya ce yaran yanzu ne suka lalace, domin abin ya girme mu. Hular da ake kira Zanna Bukar sunan Zanna Bukar Dipcharima take ɗauke da shi, ministan Jamhuriya ta Farko. Iyayenmu mata sun yi yayin ɗaurin Maryam Babangida a shekarun da mijinta ya yi mulki, daga 1985 zuwa 1993. Rigar da har gobe muke cewa tazarce ta samo sunanta daga fafutikar neman Janar Sani Abacha ya zarce a 1998. Janar ɗin ya rasu a shekarar, riga kuwa tana nan. Jar hula ta zama shaidar Kwankwasiyya. Bayan bikin Zahra Buhari a watan Disambar 2016, 'yan mata suka dinga koya wa juna ɗaurin kallabi da sunanta. Ashe ke nan Bahaushe ya daɗe yana ɗinka sunan manya a jikin tufafinsa. Abin da ya sauya shi ne sauri da yawa. A da yayi ɗaya yakan shekara goma bai tsufa ba. Tun daga fitowar *Turmin Danya* a 1990 da *Sangaya* a 1999 fuskokin da ake kwaikwayo suka ƙaru, sai tashar Arewa24 ta zo a 2014, sai Instagram da TikTok suka shigo da su har cikin ɗakin kwana. Yanzu ɗinkin ƙaramar Sallah ba ya kai wa babba, alhali tsakaninsu kusan kwana saba'in ne kawai.

Duk lokacin da na karanta ƙissar Ƙaruna a ƙarshen Suratul Ƙasas, daga aya ta 76 zuwa ta 82, akwai wani wuri da yake tsayar da ni. Mun saba ɗaukar ƙissar a matsayin labarin mai kuɗin da ya yi girman kai ƙasa ta haɗiye shi, kuma haka ne. Amma ka lura da aya ta 79. Allah Maɗaukakin Sarki Ya ambaci fitowar Ƙaruna cikin adonsa da kalmomi kaɗan, bai tsaya kwatanta mana launin riga ko yawan dawaki ba, sai Ya juya ga 'yan kallo da ke bakin hanya, Ya ba mu labarin abin da ke cikin zukatansu: sun yi fatan ina ma su ne, sun kuma yanke hukuncin cewa wannan mutum mai babban rabo ne. Daga nan Ya kawo wani rukunin na 'yan kallo, waɗanda aka bai wa ilimi, suka tsawatar musu, suka tuna musu da ladan Allah. Hanya ɗaya suka tsaya, ado ɗaya suka gani, amma kowa da abin da ya koma gida da shi. Bayan an kife Ƙaruna ma, ƙissar ta sake komawa kan masu fatan jiya, ta nuna mana su suna nadama. A fahimtata, kuma Allah ne Mafi sani, rabin darasin ƙissar na masu kallo ne. Yawancinmu ba za mu taɓa zama Ƙaruna ba, amma kullum muna bakin hanyar, kuma yanzu hanyar tana cikin tafin hannunmu tun daga asuba har barci ya ɗauke mu.

Ba ina cewa jarumin fim ko mawaƙi Ƙaruna ba ne, Allah Ya tsare ni da wannan ƙazafi. Da yawansu masu neman abinci ne kamar ni da kai, kuma akwai masu taimakon marayu da marasa lafiya a cikinsu fiye da masu zaginsu. Maganata a kan idonmu take.

To bari mu duba abin da idon yake gani. Rigar da ke jikin jarumar da ke cikin hoton, sau da yawa ba ita ta saya ba. Mai kanti ko mai ɗinki ne ya ba ta, wani lokaci har da kuɗi a kai, domin ta sa ta ɗauki hoto ta ambaci sunan shagonsa. Sau ɗaya za ta sa, gobe wani ya kawo tasa. An yi mata kwalliya, mai hoto ya saita haske, an gyara hoton a waya har fatar ta koma kamar ta jariri. Wannan sana'a ce, sunanta talla, kuma manyan kamfanoni sun daɗe da gane amfaninta. Shi ya sa kamfanin Glo ya taɓa ɗaukar Ali Nuhu jakadansa. Talla halal ce idan hajar halal ce kuma an faɗi gaskiya. Inda matsala take shi ne tallar da aka sa wa rigar rayuwa, har mai kallo ya zaci haka mutumin yake kwana yake tashi. A Amurka, cikin watan Oktobar 2022, hukumar da ke kula da hada-hadar hannayen jari ta sa Kim Kardashian biyan dala miliyan 1.26, saboda ta tallata wani kuɗin intanet ba tare da ta bayyana cewa an biya ta dala 250,000 ba. Waɗannan mutane ne da ba su karanta hadisin tarin abincin nan ba, wanda Manzon Allah (SAW) ya cusa hannunsa a ciki ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi dalilin da bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, sannan ya barrantar da kansa daga mai algus. Mu da muka haddace shi tun muna Islamiyya, wa ya taɓa tambayar tauraronsa nawa aka biya shi?

Lissafin ke nan da yake ba ni tausayi: ita an biya ta ta sa, ke kuma ƙanwata kin ci bashi kin sa. Kun fito da riga iri ɗaya, ɗaya ta samu riba, ɗaya ta kwana da tunanin zubin adashi.

Kuɗin kuma ina yake tafiya? Shaddar da ake ji da ita, Getzner, daga Ostiriya take zuwa. Atamfar da ake kira Holan kamfanin Vlisco ne ke buga ta a ƙasar Holan. Wanda bai da ƙarfin waɗannan sai ya sayi kwaikwayonsu da aka yi a Sin, wanda ya cika Kantin Kwari a Kano, daga can 'yan kasuwarmu suke saro shi zuwa Birnin Kebbi da Argungu da Jega. Masaƙar KTL da aka buɗe a Kaduna a 1957 ta rufe a 2002, UNTL ta bi ta a 2007, dubban magidanta suka rasa aiki. Manomin fadamar Rima yana shiga ruwa har gwiwa, ya sha sauro da tsadar taki da man injin ban-ruwa, ya sayar da shinkafa, kuɗin ya bi ta shagon yadi ya tsallaka teku. Ibnu Khaldun ya yi wani babi a *Muƙaddima* a kan yadda wanda aka rinjaya yake kwaikwayon wanda ya rinjaye shi a sutura da ɗabi'u, domin yana zaton kamala tana wurinsa. Mu namu ya zama hawa biyu: muna kwaikwayon tauraronmu, shi kuma yana kwaikwayon na Indiya ko Dubai ko Amurka.

Da a kan rigar Sallah abin ya tsaya, da ban dame ku da dogon rubutu ba. Wani ƙanena, ɗan baffana, ya nemi aure. Yaro ne mai sana'a, ba ya wasa da jam'i, iyayen yarinya sun yarda da shi, an yanka sadaki daidai ƙarfinsa ya biya. Da aka zo maganar lefe sai aka turo wa yayyensa mata hotuna ta WhatsApp: irin wannan akwati, irin wannan leshi, irin jaka da takalmin da wance ta riƙe a wani shiri mai dogon zango, da kayan shafe-shafen da wata take talla. Sannan ga kamu, ga dina, ga anko kala biyu, ga mai kwalliya. Wannan kuwa bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ne, lokacin da magidanci yake auna shinkafa da gwangwani. Aka ɗaga bikin sau biyu. Na je na samu mahaifin yarinyar, dattijo mai mutunci, na ce: "Baba, a duba mana lamarin nan." Ya yi shiru, can ya ce: "Ɗana, wallahi ni ban nemi ko ƙyalle ba. Amma in an kawo abin da bai kai ba, ɗiyata ba ta iya ɗaga kai cikin ƙawayenta." Ka ji fa. Ba uba ne ya sa sharaɗin ba, ba shari'a ba ce, ba ma al'adar Kabawa ba ce. Wasu hotuna ne suka sa shi. An dai ɗaura auren daga baya, amma ango ya shiga ɗakinsa da bashin da ya fi shekara yana biya, kuma wani ɓangare na bashin daga manhajojin nan na waya ya ciwo shi, masu ba da rance da ruwa. Aka fara sunna da riba. A zamanin Manzon Allah (SAW) kuwa, kamar yadda ya zo a Bukhari, mutumin da ya rasa abin sadaki an tura shi ya nemo ko zoben ƙarfe ne, da ya rasa aka aurar masa da abin da ya haddace na Alƙur'ani.

Akwai abin da ya fi bashi ciwo, shi ne fata. Yarinya ta shekara goma tana kallon finafinan da kusan duk wadda ake so a cikinsu fara ce, baƙar kuwa ita ce 'yar aiki ko muguwar kishiya. Babu wanda ya ce mata komai, amma ta ji. Sai ta fara da mai, ta koma haɗi, wata har allura da ƙwaya. A cikin irin waɗannan mayuka akan samu sinadaran da ke sa fata ta yi sirara, ciwo ya ƙi warkewa, wasu kuma su taɓa ƙoda, har hukumar NAFDAC ta bayyana lamarin a 2023 a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa ga ƙasa. A Suratur Rum, aya ta 22, Allah Ya lissafa bambancin launukanmu cikin ayoyinSa. Mu samari kuma kada mu yi saurin nuna 'yan mata da yatsa. Wa ke cewa a samo masa fara? Kasuwa ba ta ci sai da mai saye.

Wannan ya kawo ni ga halinmu da ya fi ba ni kunya. A watan Oktobar 2016 ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau daga harkar fim saboda wani bidiyon waƙa, a watan Nuwambar 2020 kuma aka sake yi mata ca saboda hoton wata riga. Ba na kare rigar, ita ma ta fito ta ba da haƙuri. Amma na ga samarin da suka kwana suna tsine mata da sunan kishin addini, waɗanda kuma ba su daina bin shafinta ba ko na kwana ɗaya. Da yamma mu zagi 'yan fim a majalisa, da safe mu kai wa tela hotonsu. Kano ta kafa hukumar tace finafinai tun 2001, an kama, an ci tara, an dakatar, kuma ban ce babu amfani ba. Sai dai hukuma tana iya yanke fitowa a fim, ba ta iya yanke kwaɗayin da ke zuciyar mai kallo. Yawan mabiya shi ne jarin tauraro, da shi yake yanka wa mai kanti farashi, kuma mai zagi da mai yabo duk lamba ɗaya suke ƙara masa.

Kada kuma mu ustazai mu ɗauka mun tsira. Mu ma muna da taurarinmu. Na san samarin da suka haddace irin jallabiyar malam wane, da gilashinsa, da turarensa, da yadda yake yafa hirami, har da yadda yake gyaran murya, amma ba su taɓa sauke *Ahalari* ko *Arba'una* ba. Hijabi da abaya su ma sun shiga yayi, kowace shekara da sunan da ake kira. Abu Dawuda da Ibnu Majah sun ruwaito gargaɗi mai tsanani a kan tufar shuhura, wato wadda ake sawa don a nuna mutum da yatsa, kuma malamai sun yi bayanin cewa tana iya zama ta alfarma, tana iya zama tsumma, matuƙar niyyar a gani ce.

A nan ƙasar Gwandu muna da wanda ya riga mu kuka da wannan. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya jagoranci cin Birnin Kebbi a 1805, kimanin shekara biyu bayan haka ya bar rundunar jihadi ya nufi gabas da niyyar zuwa ƙasa mai tsarki. Dalilinsa, kamar yadda ya bayyana a *Tazyinul Waraƙat*, shi ne ya ga da yawa cikin jama'a sun karkata ga mulki da tara dukiya da dawaki da tufafin ƙawa. Mutanen Kano ne suka tsayar da shi, ya zauna ya karantar da su, ya rubuta musu *Liya'ul Hukkam*, sannan ya komo. Mutanen da ya yi kuka da su sun yi hijira, sun ga Shehu da idonsu, sun yi yaƙi, babu waya babu talabijin, amma riga ta ja su. Ina ga ni da kai?

Duk da haka ba kiran ku nake mu koma sa tsumma ba. Suratul A'araf, aya ta 26, ta ambaci tufa a matsayin ni'ima iri biyu, sutura da ƙawa, kafin ta fifita tufar taƙawa. Aya ta 31 ta umarce mu da yin ado a wurin sallah, ta hana ɓarna. Ta 32 kuma ta yi inkari ga mai haramta adon da Allah Ya fitar wa bayinSa. Da wani sahabi ya ji tsoron ko son kyakkyawar riga da takalmi girman kai ne, Manzon Allah (SAW) ya kwantar masa da hankali, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Kwaikwayo ma ɗabi'ar ɗan Adam ce, ba a kankare ta, sai dai a juya ta. Nana Asma'u ta gane haka: da ta kafa 'Yan Taru, sai ta riƙa naɗa jajis da malfa da jan rawani, alamar da mata suka saba ganin girmanta a kan Innar Gobir, ta mayar da ita alamar mai karantarwa. Mata suka bi malfar, suka tarar da ilimi a ƙarƙashinta.

Makka ma ta yi nata tauraron ado. Mus'ab ɗan Umair (RA) shi ne saurayin da ya fi kowa sutura da ƙamshi a garin, mahaifiyarsa mai dukiya ce. Da ya musulunta aka yanke masa komai. Shi Manzon Allah (SAW) ya aika Madina ya karantar, a hannunsa Sa'ad ɗan Mu'az da Usaid ɗan Hudair suka karɓi Musulunci. Ranar Uhudu ya yi shahada, aka rasa abin da za a yi masa likkafani sai mayafi ɗaya: in an rufe kai ƙafafu su fito, in an rufe ƙafafu kai ya fito, har aka yi umarni a rufe kan, a sa ciyawar izkhir a ƙafafun. Ban san sunan ɗinki ko ɗaya da aka yi yayi a Makka a zamaninsa ba, amma ina da ɗalibai biyu masu suna Mus'ab.

Ga taurarin kansu kuma, in har wannan rubutu ya kai ga ɗayansu, ina tuna musu cewa sun fi mu sanin nauyin abin da ke jikinsu. A 2006 Frederic Kanoute, ɗan wasan Mali, ya rufe sunan kamfanin caca da ke ƙirjin rigarsa ta Sevilla. A watan Yunin 2021, a gasar ƙasashen Turai, Paul Pogba ya sauke kwalbar kamfanin giya daga teburin da yake hira da 'yan jarida, kwana ɗaya bayan Cristiano Ronaldo ya ture kwalaben Coca-Cola ya ɗaga ta ruwa. Ba su yi wa'azi ba, hannu kawai suka motsa, duniya ta gani. Jarumar da za ta ƙi tallar man bilicin, ko ta rubuta a fili cewa wannan talla ce an biya ni, ko ta maimaita riga ɗaya a biki uku ba tare da jin kunya ba, za ta sauke wa dubban iyaye nauyin da huɗubar Juma'a goma ba ta sauke ba.

Ni dai abin da na fara gwadawa a gidana ƙarami ne. Duk wanda ya kawo mini hoto, ɗa ko ƙanwa, nakan ce ya ajiye wayar ya gaya mini da bakinsa abin da ya burge shi a rigar: launin ne, ko yankan, ko mai rigar? In launi ne ko yanka, sai mu duba aljihu mu duba sutura, mu tafi wurin tela. In kuwa mai rigar ce, to tela ba ya ɗinka wannan. Sau da yawa sai an yi dariya, a fasa.

Bayan babbar Sallah na koma shagon nan gyaran wando. A bango na ga riguna rataye cikin leda, sun kai goma, ƙura ta fara hawa. Na tambaye shi na wane ne. Ya ce na azumi ne, masu su sun ba da rabin kuɗi, cikon ya gagara, yanzu kuma an daina yayin hannun. Ya ciro ɗaya ya nuna mini aikin da ya kwana uku yana yi a wuyanta, ya mayar ya rataye, ya koma kan kekensa.